Kwalta ko tafki? Amsa ga ɗana mai kabu-kabu

Assalamu alaikum, ɗana.

Ka bugo waya a shirin rediyon da aka gayyace ni, ka ce kai ɗan kabu-kabu ne daga unguwar Garin Malam a nan Damagaram (Zinder), ka tambaye ni: "Baba, ku da kuke cewa a kare gonaki da tafkuna, so kuke mu dawwama cikin rairayi da ramuka? In zaɓen magadan gari ya dawo, mai yi mana kwalta za mu zaɓa ko mai gadin tafki?" Lokaci ya ƙare ban ba ka amsa ba, ga ta a rubuce.

Kwalta dai ina sonta. Kai da kake neman abinci a kan babur ka fi ni sanin abin da rami yake ci, daga taya har ƙashin baya. A nan ba mu da gardama. Inda muka rabu shi ne wanda kake zaton zai ba ka ita.

Dubi manyan hanyoyinmu. Wadda ta taso daga Yamai ta biyo Maraɗi ta ratsa mu ta nufi Gure da Difa, da ta Tanut zuwa Agadas wadda tankokin mai suke bi tun da aka buɗe matatar man SORAZ a 2011, da ta Magarya zuwa iyakar Najeriya, babu ɗaya da magajin gari ya shimfiɗa. Aikin gwamnatin ƙasa ne da masu ba ta rance. Hatta titunan cikin gari da muka samu lokacin Zinder Sabuwa a 2018, shirin bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba ne ya kawo su. Ma'aikatar magajin gari da harajin kasuwa da na tasha da na unguwanni take rayuwa, sau da yawa albashin ma'aikatanta ma da ƙyar take haɗawa. Ɗan takarar da ya tsaya a fadarku, inda kuke zaman hira, yana rantse muku da kwalta, alkawarin abin da ba ya aljihunsa yake yi. Iyakarsa ya je Yamai ya yi naci, kuma nacin ma aiki ne, ban raina shi ba.

Abin da yake hannun magajin gari da gaske shi ne yankan filaye, lotisma. Sai ma'aikatar tsara birane ta amince, amma daga wajensa maganar take tasowa, kuma a wajensa ake rabo. Ga yadda abin yake tafiya, kuma duk wanda ya zauna a gefen garin nan ya gani. Da zarar an ji raɗe-raɗin titi zai bi ta wani wuri, masu kuɗi sun riga kowa isa. Su sami manomi a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, su saye gonar da araha. Bayan ɗan lokaci masu awo su zo su kafa turakun siminti. Wanda bai sayar ba a ba shi kasonsa na filaye, ya sayar ɗaya bayan ɗaya don biki da magani, shekara kaɗan ka gan shi ba gona ba fili, ɗansa yana haya a kan babur kamar kai. Ma'aikatar magajin gari kuma ta sayar da nata kason ta toshe bashi. Wuraren da aka ware wa makaranta da ɗakin shan magani da kasuwa su ne ake dawowa a yanka daga baya, a hankali, ba da sanarwa ba. Tafki da burtali kuwa, in ba su a kan takarda, ai sunansu "fili".

Tafkin nan shi ya fi damuna, don Damagaram a kan dutse take zaune. Ruwan sama ba ya nutsewa a nan yadda yake yi a jigawa. Gangarowa yake yi daga kan duwatsu ya nemi kwari. Tafkuna da kududdufan da kakanninmu suka haƙi ƙasar gini a cikinsu, su ne suke karɓarsa. Mun cika wasu da shara, mun yi gini a kan wasu. Sannan a zo a ɗaga titi ya fi ƙofar gidajen mutane tudu, ba magudana, ko a yi magudanar da ba ta da mazuba. Titin ya koma madatsa, ruwa ya juya ya shiga ɗaki. Daminar 2024 ta ci rayuka kusan 400 a Nijar, kuma a watan Satumba na shekarar tsohon masallacin unguwar Birni, ginin da ya haura shekara 150, ya zube gaban idon jama'a. Ban ce titi ne ya kayar da shi ba. Na ce ruwan da ya iya wannan ba zai ji kunyar gidan da aka gina a cikin tafki ba. Abin takaici, garin da ruwa yake kora da damina shi ne yake bin ƴan garuwa da bazara, yana jiran famfo daga tashoshin ruwa na Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram.

Gari zai girma, wannan ba makawa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 300,000 a gundumomi biyar na birnin, yau kuma kai da kake kai fasinja har ƙarshen unguwanni ka san inda gini ya kai. Ba na cewa a hana yanka. Cewa nake tun ran gini tun ran zane: kafin a furta inda titi zai bi, a fara zana hanyar ruwa da tafkuna da burtali da lambuna a kan taswira, a kafa musu alama a ƙasa, a ce waɗannan ba na sayarwa ba ne. In titi ya riga taswira, farashi ya riga ya tashi, kuma babu magajin garin da zai iya ƙwace fili daga hannun mai takarda cikin sauƙi.

Doka ba ta rasa ba. Tun 1993 muna da dokar ƙasar karkara wadda ta kawo kwamitocin filaye har matakin ƙauye, ta 2010 ta kare burtali da makiyaya, ta 1961 kuma ta ce in hukuma za ta karɓi filinka don amfanin jama'a sai ta biya diyya. Matsalar tana bakin gari, inda gona take rikiɗa ta koma filin gini, kowane ofis ya ce na wancan ne.

Batun zaɓe kuma: mun zaɓi kansiloli a 2004 da 2011 da Disamban 2020, aka rushe majalisun a Afrilun 2024, yanzu kantomomi ne suke riƙe da garuruwa. Turakun siminti ba su jira akwatin ƙuri'a ba, don haka kai ma kada ka jira. Tambayar da za ka yi wa ɗan takara gobe, ita za ka yi wa kantoma yau. Kada ka ce masa "za ka yi titi?", kowa zai ce i. Ka ce ya nuna maka taswirar unguwarku, ya ɗora yatsa a inda ruwan titin zai zuba. Ka ce ya yarda a liƙa kowane sabon yanka a ofishin gunduma, da sunayen waɗanda aka ba, da wuraren da aka ware wa jama'a. Wanda ya amsa wannan ba tare da kame-kame ba, shi zan zaɓa, ko da bai ambaci kwalta ba.

Ku ƴan kabu-kabu kun riga kowa ganin sabbin turaku, don ku kuke shiga inda mota ba ta shiga. Ranar da ka gan su a bakin tafki ko a tsakiyar burtali, ka sanar da mai unguwa, ku ɗauki shugabannin ƙungiyarku ku je ofishin gunduma, ku nemi a nuna muku takardar amincewa da wannan yankan tun ba a sauke bulo ba.

Wassalam,
Babanka daga Birni