Injin da ke kakkarwa da safe: a auna shi tun bai yi zafi ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan matsalar da ke damun masu motocin iyali masu kujeru bakwai ko takwas, irin su Toyota Sienna da Honda Odyssey, wato injin ya tashi da safe yana kakkarwa, sulo ya ƙi zama, amma da zarar ya ɗauki zafi sai ya daidaita kamar babu abin da ya faru. Abin da na lura shi ne yawancin kuɗin da ake kashewa a kan wannan ciwo asara ce, domin mai mota yakan tuƙa ta zuwa gareji, kafin ya isa injin ya riga ya yi zafi, bakanike kuma ya ga mota lafiya lau, sai ya shiga canki-canki yana sauya kaya ɗaya bayan ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce a bar motar ta kwana a gareji, a jona na'urar bincike kafin a murza makulli, a ga abin da ke faruwa a mintunan farko.

Dalilin haka yana cikin yadda injin yake aiki. Idan ya yi zafi, kwamfutar mota tana haɗa iska da fetur a kan kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, tana kuma gyara lissafin da taimakon sensar iskar oksijin da ke jikin salansa. Lokacin sanyi kuwa fetur ba ya zama tururi da sauri, wani ma yakan maƙale a bangon hanyar iska, don haka dole a ƙara mai, sensar oksijin kuma ba ta fara ba da labari sai ta yi zafin da ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Celsius. A ɗan tsakanin nan kwamfutar ta dogara ne kacokan a kan sensar zafin ruwan injin da sensar da ke auna iskar da ke shiga. Idan ta zafin ruwa ta yi ƙarya, ta ce injin yana da ɗumi alhali ya kwana a sanyi, man da za a ba shi ba zai isa ba. Gwajin ba wuya: bayan mota ta kwana, zafin ruwa da zafin iska da na'ura ke nunawa ya kamata su yi kusa da juna, kuma su yi kusa da yanayin waje. In aka ga tazara mai yawa, an kama zaren matsalar.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi yawa a motocin da suka manyanta, shi ne iskar sata. Gasket ɗin da ke toshe mahaɗar da ke tsakanin manifol (bututun da ke raba wa silindoji iska) da kan injin, da ƙananan tiyo na roba, sukan bushe su tsuke da sanyi, iska ta kutsa ta inda ba a auna ta ba, sannan idan ƙarfe ya yi zafi ya buɗa sai kafar ta toshe da kanta. Na'ura takan nuna lamba P0171 ko P0174, ma'ana iska ta rinjayi mai, kuma za a ga kwamfutar tana ta ƙara mai a sulo, ƙarin ya ragu idan aka taka totur. Masu injin hayaƙi na gwaji sukan cusa hayaƙin cikin manifol su ga inda yake ɓullowa, amma wannan ma sai injin yana sanyi.

Sai maganar wuta. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da tsarin OBD-II, wanda ke faɗin silindar da ke tsallake wuta: P0301 ta ɗaya, P0302 ta biyu, har zuwa P0306, P0300 kuwa na nufin abin yana yawo. Idan lambar ta tsaya a kan silinda ɗaya, sai a musanya koyil ɗinta, wato abin da ke tura wa filogi wuta, da na maƙwabciyarta. In lambar ta bi koyil, an gano mai laifi ba tare da an sayi komai ba. A nan ne waɗannan motoci suke da nasu tarkon. A masu silinda shida, injin a kwance yake a gicciye, uku a gaba uku a baya, kuma a wasu, kamar Sienna, sai an ɗaga saman manifol kafin a kai ga filogi ukun baya. Bakaniken da ke gaggawa yakan sauya na gaba ya bar na baya suna ta tsufa, don haka ya kamata mai mota ya nemi a nuna masa tsofaffin filogi shida cif. Masu Odyssey su kuma su tuna cewa injinsu yana buƙatar a riƙa saita tazarar bawul, kuma bawul ɗin da ya matse yakan jawo irin wannan tsallake wuta da safe.

Wanke maƙogwaron totur idan ya yi baƙi yakan taimaka wa sulo, kuma nozul mai ɗigar mai cikin dare yakan nuna kansa da warin fetur da baƙin hayaƙi a tashin farko.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ake rainawa saboda gajartarsa: injin ya yi gargada na 'yan daƙiƙoƙi kawai, farin hayaƙi mai kauri ya fito, ruwan lagireto kuma yana raguwa ba tare da an ga yoyo a ƙasa ba. Wannan yakan nuna gasket ɗin kan silinda ya fara sakin ruwa cikin silinda idan mota ta kwana. A cire filogin silindar da ake zargi da safe. Idan ya fito fes kamar an wanke shi alhali sauran suna da ɗan toka-toka, ko kuma aka ga danshi a kan fistin, to a matsa wa lagireto iska a ga ko matsin zai sauka. Haka kuma idan fitilar injin da ke kan dashbod tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, a daina tuƙi, domin ɗanyen man da ke wucewa yana ƙona matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda ta fi filogi da koyil tsada nesa ba kusa ba.

Ina kuma kira ga 'yan'uwa makanikai da su daina cire tamostat, wadda ke tare ruwa daga zuwa lagireto har injin ya yi zafi, da sunan maganin zafi. Injin da aka cire masa ita yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya yi ta shan mai fiye da kima yana tara baƙi a filogi, sai kakkarwar safiya ta ƙara tsawo.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku