Godiya ga Hajiya mai sabulu ta Tsohuwar Kasuwa

Hajiya, assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yaran rumfa, da fatan kasuwa tana albarka. Kin ce kada in kuskura in sa sunanki a intanet, to ban sa ba. Wanda ya saba shiga Tsohuwar Kasuwar Sakkwato ta wajen masu man kaɗe ya san rumfar da nake nufi. Wanda bai sani ba ya tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Gadi nake yi a wani kamfani, shekara tara ke nan, kuma dokar wurin ita ce kowa ya zo da haɓa a share. Ba son raina ba ne, mu gidanmu masu gemu ne, amma inda abincin mutum yake nan yake bin doka. Kullum bayan sallar asuba sai na sa reza a fuska, kullum kuma sai na ga jini. Ƙarƙashin haɓata da wuyana sun cika da ƙuraje, har ta kai wuyan riga in ya taɓa wurin sai in ji kamar an zuba barkono. Gashinmu mai murɗewa ne, in aka yanke shi ƙasa-ƙasa sai tsinin ya lanƙwaso ya soki fata, ya ci gaba da tsira a ciki. Ba mu kaɗai ba ne, ko a sojan Amurka an daɗe likitoci suna ba baƙaƙen fata takardar uzurin aski saboda wannan ciwon. Ni dai babu mai ba ni takarda.

Kuɗin da na zubar wajen neman sabulu, Allah kaɗai ya sani. Na sayi kumfar gwangwani, wadda in ka danna take fitowa fara sol kamar auduga. A ido gwanin sha'awa, amma iska ce zalla, kafin ka gama kumatun dama na hagu ya bushe. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi, sai gwangwanin ma ya fi ƙarfin aljihuna. Na koma sabulun wanka, ya riƙa bar min fuska a ɗaure kamar fatar ganga. Na gwada garin nan da ake kwaɓawa a shafa ya cinye gashi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya ƙona ni har na yi kwana uku ina ɓoye fuska. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne wani da na saya a wani babban kanti, cikin akwatin katako mai kyau, yana ƙamshi kamar ɗakin amarya. Rabin kuɗin cefanen mako na ba da. Kumfarsa ta tashi tubarkalla, minti biyu ta koma kamar an shafa min farar ƙasa. Akwatin yana nan, uwargida tana ajiye allura da zare a ciki.

Man kaɗe aka aike ni saye ranar da na fara zuwa rumfarki. Kika dubi wuyana kika ce, “Ɗana, wa ke maka wannan aika-aika?” Na ce ni ne da kaina. Kika yi dariya, kika sa aka kawo ruwa a kofi, kika gutsuro wani sabulu mai laushi, ruwan ƙasa-ƙasa, kika murza a bayan hannuna. Kumfar ba ta tashi sama ba, ta kwanta lumui kamar kindirmo. Kika ce in bar ta, muka ci gaba da cinikin man kaɗe. Sai da muka gama, na biya, aka ba ni canji, sannan kika ce in taɓa. Tana nan a jiƙe, yatsana ya zame a kai sulɓ. Kika ce aska ba tsayin kumfa take nema ba, santsi take nema da danshi. Shekara tara ina aski ban taɓa jin wannan ba, kuma da na tuna sai na ga haka wanzamin garinmu yake yi muna yara: ya daɗe yana murza kai da ruwa da ɗan sabulun salo kafin ya zaro aska daga zabira, kumfa kuwa ba ka ganin ta kirki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ma shi ne abin da ya biyo baya. Na je gida na gwada, sabulu ya ƙi. Sai wani farin dusa-dusa yake yi a kofi, reza tana ja. Na dawo rai a ɓace, ina cewa a raina an sake yi min. Ba ki yi musu ba, ba ki ce ni ne ban iya ba. Kika kira ɗiyarki, wadda ta karanta ilimin haɗa sinadarai, ta tambaye ni inda nake zaune da ruwan da nake amfani da shi. Na ce wajen Kalambaina, ruwan rijiya. Ta ce shi ke nan. Dutsen da ake haƙa a can ana yin siminti, shi ne yake narkewa cikin ruwanmu, sinadarin kalsiyam da ke cikinsa kuma yana kama sabulu ya kashe kumfa. Ta tambaye ni ko gindin butar shayinmu yana yin farin ɓawo. Yana yi kuwa. Ta ce in tafasa ruwan in bar shi ya kwanta in tsiyayi na sama, ko in fasa ruwan leda guda, ya ishe ni aski biyu.

Ita ce kuma ta warware min sirrin sabulun. Alayyadi da man kwakwa su ke ba da kumfa mai manyan ƙwayoyi, mai saurin tashi da saurin mutuwa, in sun yi yawa kuma su busar da fata. Man kaɗe da kitsen shanu su ke ba da mai kauri mai daɗewa. Soda tana sa sabulu tauri, ruwan toka kuwa yana sa shi laushi ya narke da wuri, shi ya sa na aski kuke rinjayar da shi wajen toka, ku ƙara man kaɗe a ƙarshe, ku bar shi makonni ya huce don kada ya ci fata. Ta ƙara da cewa in jiƙa fuska da ruwan ɗumi tukuna, in bi kwanciyar gashi, in daina komawa wuri ɗaya sau uku don neman sulɓi. Duk wannan ba a karɓi ko kwabo ba. Kika ma ƙara min wani gutsure, wai ladan wahalar dawowa.

Yau wata bakwai. Ba zan ce ƙuraje sun ɓace ƙaf ba, akwai biyu-uku da ke leƙowa in na yi gaggawa ko na ƙi sauya reza, wannan kuwa laifina ne. Amma jini ya tsaya, baƙin tabon wuya yana washewa, ko da hunturu fuska ba ta tsage ba. Curi ɗaya yana kai ni kusan wata biyu, kuɗinsa kuma bai kai na kwanon shinkafa da miya a bakin tasha ba. Abokan aikina huɗu sun bi sahu. Akwai wani abu da suka ce lalle in rubuta: da gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗe waje a watan Agustan 2025, ƙwara ta sauko, ke ma kika sauko mana da farashi ba tare da kowa ya roƙa ba. A ƙasar nan abin da ya hau ba ya saukowa, shi ya sa muka lura.

Ƙorafina ɗaya ne, Hajiya. Ledar da kuke naɗe shi ba ta yi. Sabulun yana da laushi, in aka manta shi a banɗaki sai ya narke ya bi rariya, curi guda na yi asara haka. Ni yanzu a tsohon gwangwanin madara nake matse nawa, amma da za a samu ɗan roba mai murfi, ko an ƙara wani abu kaɗan za mu biya. Na kuma ji yara suna shawarar a zuba masa turare don ya shiga kantuna. Don Allah in za a yi, a ware mana namu yadda yake.

Allah ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a, ya ba ɗiyarki miji nagari. A ajiye min curi shida ranar Asabar, biyu nawa, huɗu na mutanen wurin aiki. Zan biyo bayan la'asar in na sauka daga aiki.

Naku,
Ɗanki mai gadi, daga Kalambaina