Kafin ka buga kwano

Agege, Legas.

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya uwargida da 'yan makaranta? Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso tun kafin Sallah, kana tambayar girman solar da za ka saya wa sabon gida. Sai jiya Auta ya turo mini hoton ginin, shi ya sa na zauna na rubuto, don maganar ta fi ƙarfin waya: kafin a zo kan solar, sai an duba ginin, don zafin gida ne ke jan wuta.

Malam, waɗannan tagogin fa? Falo yana kallon yamma, ka buɗe masa gilashi daga sama har ƙasa sai ka ce banki a Ikoyi. A Katsina! Na san wadda ta zaɓa, ba zan kama suna ba, amma ka karanta mata wannan wasiƙa.

Ka tuna ƙanin matata da ke digiri na biyu a Jami'ar Legas? A can Akoka akwai cibiyar ƙasa ta binciken tsimin makamashi, ƙarƙashin Hukumar Makamashi ta Nijeriya, kuma karatunsa a wannan fanni yake. Da yake wayarin ne sana'ata, ni nake raka shi gidaje muna maƙala na'urar awo a jikin waya, mu rataye ma'aunin zafi a ɗakuna. Wallahi abin ya buɗe mini ido. Ɗakin sama da ke ƙarƙashin kwano tsirara, ba abin tare zafi tsakaninsa da silin, iyakwandishan ɗinsa ba ya hutawa har dare ya raba, domin bulo da siminti suna ta amayar da zafin da suka sha da rana. Ɗakin ƙasa mai inuwar baranda, fanka ta ishe shi. Maigidan yana ta zagin mita, alhali rufinsa ne yake cinye masa kuɗi.

Ashe ma akwai ƙa'ida a rubuce. A 2017, lokacin Fashola yana ministan wuta, ayyuka da gidaje, gwamnatin tarayya ta fitar da kundin tsimin makamashi a gine-gine, da taimakon hukumar GIZ ta Jamus. Kundin ya ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai in an yi musu inuwa, a sa abin tare zafi a rufi, iyakwandishan kuma ya zama mai inbata, wato irin mai tsimin wuta. Ka tambayi maginin ka ko ya taɓa jin labarinsa. Abin da ke ƙona mini rai ke nan: an yi bincike, an rubuta, amma bai isa hannun mai riƙe da cokalin gini ba.

Mu nan kuɗi ne ya koya mana. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 kowane yunit, daga sittin da wani abu, bisa alƙawarin awa 20 a rana. Daga baya an ɗan rage, amma tun ranar kowa ya san inda makunnin fitilarsa yake. Ku kuwa ba sai na tuna maka Oktoban 2024 ba, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana da kwanaki a duhu. Ga tashar Egbin nan Ikorodu mai megawat 1,320, amma duk ƙasar abin da ke hawa babban layi bai cika wuce megawat 5,000 ba, kuma wani kaso yana zurarewa a tsofaffin wayoyi da taransfomomin da aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsu. Ƙanin matar tawa ya ce duk gidan da ya rage jan wuta da magariba ya sauƙaƙa wa taransfomar unguwa, ni kuma na gaskata shi, don ni ake kira idan ta ƙone.

Af, Sarkin Yawa ya ƙara aure! Ta uku. An yi walima a Mile 12, ya ce in gaya maka bai yafe rashin zuwanka ba sai ka aiko da kilishi.

To, kada ka kwaikwayi ginin Legas. Mu laima ke damun mu, iska muke nema ta shiga ta nan ta fita ta can. Ku zafinku busasshe ne, dare kuma yana sanyi, shi ya sa soron Kaka na tubali da azara, mai kaurin bango da 'yan ƙananan tagogi, yake da daɗin zama ko a watan Afrilu. Ban ce ka rushe ka koma ginin ƙasa ba. Ka rage gilashin yamma ko ka yi masa rumfa, ka zaɓi kwano mai hasken launi maimakon baƙin nan da ake yayi, ka shimfiɗa abin tare zafi kafin a rufe silin, ka shuka darbejiya ta ɓangaren faɗuwar rana. Ka dakatar da kafinta har mu yi magana.

Ka gaida Malam Babba. Ka ce wa Auta kuɗin littafinsa suna nan tafe ƙarshen wata, in sha Allahu.

Naka,
Abokinka na Agege