Wasiƙar Godiya ga Hukumar Kula da Wuraren Tarihi na Tsibirin Mackinac

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Mackinac State Historic Parks,
Tsibirin Mackinac, Jihar Michigan, Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin iyalina domin in gode muku a bainar jama'a bisa yadda kuke riƙe da amanar wannan tsibiri, da kuma yadda ma'aikatanku suka karɓe mu a ɗan hutun da muka yi a can lokacin bazarar da ta wuce. Na zaɓi in fitar da ita da Hausa domin 'yan uwana mazauna Michigan da jihohin da ke maƙwabtaka da ita su san cewa akwai wurin da magidanci zai kai tsohuwa da yara tare, kowa ya samu abin da ya dace da shi, hankalin uban kuma ya kwanta.

Mun je ne da mahaifiyata, wadda ta zo mana ziyara daga gida, da maiɗakina da yaranmu. Mun bar motarmu a Mackinaw City, kusa da doguwar gadar nan mai tsawon kimanin kilomita 8 da aka buɗe a 1957, muka hau jirgin ruwa, kafin minti ashirin kuwa sai ga mu a bakin tsibirin da ke cikin Tafkin Huron. Tun daga mashigar jiragen mutum yake gane cewa ya shigo wata duniya dabam, domin kayan matafiya a kan keke da amalanken doki ake ɗaukarsu, kuma ƙarar da ke tashi a kan titi ta kofato ce da ƙararrawar kekuna.

Na san cewa haramcin motoci ya girmi duk wanda ke aiki a ofishinku a yau. A 1898 majalisar garin ta hana shigo da mota bayan masu kekunan doki sun kai kukan cewa tana firgita musu dabbobi, ba da daɗewa ba kuma hukumar gandun dajin tsibirin ta bi sahu. Sai dai kafa doka abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da riƙe ta fiye da shekaru 120, a jihar da Detroit take, garin da ya yi suna a duniya da ƙera motoci. Kun riƙe ta ba tare da taurin kai ba, tunda akwai motar asibiti da ta kashe gobara domin larura, kuma mazauna tsibirin na dindindin, waɗanda ba su kai 600 ba, suna hawan baburan ƙanƙara idan hunturu ya rufe ko'ina. Amfanin wannan doka a wurina shi ne na saki hannun ƙaramin ɗana a kan hanya, abin da ban taɓa yi ba a inda muke zaune. Hanyar M-185 da ta zagaye tsibirin, mai tsawon kimanin kilomita 13, ita kaɗai ce babbar hanyar jiha a Amurka da mota ba ta bi, kuma shimfiɗaɗɗiya ce a bakin ruwa, babu hawa babu gangara mai wahala. Yaran suka zagaye ta a kan kekunan haya, suna tsayawa inda suka ga dama su jefa tsakuwa a ruwa, alamomin da kuka kafa a kowane mil kuma suna gaya musu nisan da suka yi.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a sansanin soja na Fort Mackinac. Sansanin yana bisa tudu, kimanin mita 45 sama da tashar jiragen ruwa, kuma hanyar da yawancin baƙi suke bi daga filin Marquette zuwa ƙofar kudu tsaye take ƙwarai. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, da ta ɗaga kai ta ga hawan sai ta ce mu je kawai, ita za ta zauna a inuwa ta jira mu. Wata ma'aikaciyarku da ke wurin ta lura da shawarar da muke yi, ta matso da kanta ba tare da mun kira ta ba, ta bayyana mana cewa akwai wata ƙofa ta bayan sansanin wadda keken doki yake kaiwa har bakinta, ta kuma gaya mana inda za mu samu keken. Ba ta san yarenmu ba, Hajiya kuma ba ta jin Turanci, amma ta tsaya ta jira na fassara kowace magana, tana duban tsohuwar a lokacin da take bayani maimakon ta dube ni. Hajiya ta lura da wannan, ta ce mini yarinyar nan tana da tarbiyya, ta sa mata albarka. Ina roƙon ku isar mata da wannan addu'a idan kun gane ko wace ce, idan kuma ba ku gane ba to ta shafi dukkanku.

A cikin sansanin na ga abin da ake nufi da adana tarihi. Gine-gine 14 na asali suna nan tsaye, ciki har da gidan hafsoshi na dutse da aka fara ginawa a 1780, lokacin da Turawan Birtaniya ƙarƙashin Patrick Sinclair suka taso da sansaninsu daga babban yanki zuwa tsibirin saboda tsoron farmakin Amurkawa masu yaƙin neman 'yanci. Matasan da kuka sanya wa kayan sojan shekarun 1880 sun san aikinsu. Kafin su harba igwa suna gargaɗin masu ƙananan yara da tsofaffi su toshe kunne, kuma bayan harbin ba sa gaggawar watsewa, suna tsayawa su amsa tambayoyi komai ƙanƙantarsu. Ɗana ya tambayi ɗaya daga cikinsu ko an taɓa cin wannan sansani da yaƙi, tunda ganuwarsa tana da tsawo haka. Saurayin ya zaunar da shi ya ba shi labarin 17 ga Yulin 1812, ranar da dakarun Birtaniya da mayaƙan ƙabilun yankin da ke ƙawance da su suka sauka ta bayan tsibirin cikin dare, suka jawo igwa zuwa tudun da ya fi sansanin tsawo. Laftana Porter Hanks, kwamandan Amurkawa da ke riƙe da sansanin a lokacin, wanda yake da sojoji kimanin 60, bai ma samu labarin cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi ba, da gari ya waye ya ga abin da ke bisa kansa sai ya miƙa wuya ba tare da an yi faɗa ba. Amurkawa sun dawo a 1814 domin su ƙwace wurin, aka kore su, sai a 1815 yarjejeniyar sulhu ta mayar musu da shi. Abin da ya burge ni shi ne wannan labari ne na shan kashin ƙasarsa, amma ya faɗe shi yadda yake, bai rage ba bai ƙara gishiri ba. Washegari da muka iso wurin da ake kira British Landing a kan kekuna, yaron da kansa ya tsayar da 'yan uwansa ya nuna musu inda jiragen suka tsaya.

Babbar 'yata, wadda take burin karatun likita, a ƙaramin gidan tarihin da ke titin Market ta ɓata rabin yininta. A nan ne kantin kamfanin fatu na American Fur Company yake, inda a 1822 bindiga ta tashi bisa kuskure ta huda cikin wani matashi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin. Likitan sansanin, William Beaumont, ya yi jinyarsa har ya rayu, amma ramin da ke cikin nasa bai taɓa rufewa ba, ta nan ne likitan ya riƙa zura abinci ɗaure da zare yana duba yadda tumbi yake narkar da shi, har ya wallafa sakamakon bincikensa a 1833. Ma'aikacin da ya yi mata bayani bai tsaya ga yabon likitan kaɗai ba, ya tuna mata da cewa wanda aka yi gwajin a jikinsa talaka ne mai neman abin da zai ci, ya kuma tambaye ta ko a ganinta za a yarda da irin wannan bincike a yau. Har muka dawo gida tana muhawara da mahaifiyarta a kan wannan tambaya, ni kuwa ina ganin tambayar ta fi kuɗin tikitin da na biya daraja.

Haka kuma na yaba da yadda kuka ba asalin mutanen wurin matsayinsu. Tun kafin Bafaranshe ko Baturen Ingila ya taka wannan tsibiri, al'ummomin Anishinaabe, wato Odawa da Ojibwe da danginsu, suna taruwa a nan domin kamun kifi da ciniki, suna kuma ɗaukarsa wuri mai tsarki. A gidan Biddle, inda Agatha Biddle ta zauna, wadda ita ma jininsu ce, kun ba da labarin yarjejeniyar 1836 wadda ta raba su da filaye masu yawan gaske a arewacin Michigan, kuma kun ba da shi daga ɓangaren waɗanda suka yi asarar. Duk wanda ya fito daga ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka zai tsaya a wannan ɗaki ya yi shiru na ɗan lokaci, kuma da na fassara wa Hajiya abin da ke rubuce a bango ba ta buƙaci dogon bayani ba.

Game da dajin kansa, na fahimci cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na tsibirin yana hannunku. A 1875 aka ayyana shi gandun ƙasa na biyu a Amurka bayan Yellowstone, da sojoji suka bar sansanin a 1895 sai gwamnatin tarayya ta miƙa shi ga jihar, ya zama gandun jiha na farko a Michigan. Shiga dajin kyauta ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da masauki da abinci suke da tsada lokacin bazara. Mun je Arch Rock, dutsen farar ƙasa mai siffar baka wanda yake sama da ruwan tafkin da kimanin mita 44, muka tarar da matakala da makari masu ƙarfi, da bandaki mai tsabta kusa da wurin. Da lokacin azahar ya yi na tambayi wani mai kula da wurin inda za mu keɓe mu yi salla, sai ya nuna mana wani fili mai ciyawa nesa da hanyar dawakai, ya kuma nuna mana inda za mu samu ruwa, bai yi mana kallon mamaki ba. Masu niyyar zuwa su sani cewa a tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe tara na dare, saboda haka magariba tana nisa ƙwarai, yara kuma suna samun doguwar yamma ta wasa.

Akwai wasu mutane da ba na jin ana yawan gode musu, su ne masu shara da ke bin tituna da tsintsiya da shebur suna kwashe kashin dawakai. Dawakai ɗaruruwa ne suke aiki a tsibirin lokacin bazara, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada bayan an tashi daga hawan Sallah ya san abin da irin wannan taro yake bari a ƙasa. Warin yana nan, musamman da rana tsaka a babban titi inda yake gauraya da ƙamshin alawar nan ta fudge da tsibirin ya yi suna da ita, ba zan ɓoye wa mai karatu wannan ba. Amma titin ba ya daɗewa da ƙazanta, domin kafin ka waiga wani ya zo ya share. Wasu daga cikin masu wannan aiki na gari ne ko na kamfanonin kekunan doki, amma da ku da su duk hidima ɗaya kuke yi, kuma idan babu su da tuni mutane sun fara kiran a dawo da mota. Dawakan da muka gani kuwa ƙosassu ne, ana shayar da su a kan hanya, masu tuƙa su suna kiransu da sunayensu. Hajiya, wadda ta tashi a gidan da ake kiwon doki, ta duba ƙafafunsu da kyau kafin ta yarda ta hau, ta ce ana kula da su.

Shawara guda nake da ita, kuma ta mai son ci gabanku ce. Bayanin ƙofar bayan sansanin da yadda mai rauni zai isa can ya kamata a ƙara fito da shi fili tun daga inda ake sauka daga jirgi, da manyan haruffa da hoto, domin ba kowane baƙo ne zai yi sa'ar haɗuwa da irin ma'aikaciyar da muka haɗu da ita ba, kuma tsofaffinmu suna da kawaici, sun gwammace su ce sun gaji da su zama nauyi ga 'ya'yansu.

A madadin mahaifiyata da maiɗakina da yaranmu, ina miƙa godiya ga shugabannin wannan hukuma, da masu sayar da tikiti, da matasan da ke ba da labarin tarihi, da kafintoci da magina masu gyaran tsofaffin gine-gine, da masu gyaran hanyoyin daji. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya da ƙarfin riƙe wannan amana. Muna da niyyar dawowa a watan Yuni idan Allah ya kai mu, lokacin da furannin lilak suke buɗewa, tare da wasu iyalai biyu daga cikin maƙwabtanmu da suka ji labari daga bakin yara.

Naku cikin girmamawa,
Wani magidanci Bahaushe, mazaunin yankin Detroit, Jihar Michigan.