A nemi lauya tun mai dukiya yana da ransa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili in yi magana kan wani al'amari da jaridu ke yawan kawo mana ƙarshensa, amma ba kasafai suke taɓa farkonsa ba. Kullum muna karanta labarin 'yan uwa, uwa ɗaya uba ɗaya, sun maka juna a kotu kan gidan mahaifinsu, ko matar mamaci an fitar mata da kayanta tun hawayenta bai bushe ba. A irin waɗannan labarai sai a ƙarshe lauya ke bayyana, yana hira da 'yan jarida a harabar kotu. Shi ya sa jama'a suka ɗauka ba a zuwa ofishin lauya sai zumunci ya riga ya lalace. Alhali aikin da ya fi amfani a ƙaramin ofishin lauyoyin da ke kusa da kowa, a kan teburi ake yin sa, mai dukiya yana zaune da ransa da hankalinsa, ana tambayarsa yana ba da amsa.

Na san abin da Musulmi da yawa za su ce: ai Allah ya riga ya raba gado, me ya kawo lauya? Gaskiya ne, ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun fayyace rabon kowa, kuma babu lauyan da ya isa ya ƙara ko ya rage. Amma ayoyi na 11 da 12 su da kansu sun ce rabo yana zuwa ne bayan an fitar da wasiyya da bashi. To wa zai faɗi bashin idan wanda ya ci ya tafi? Wa zai bambance kuɗinsa da amanar da aka ba shi ajiya, ko jarin abokin kasuwancinsa da ke cikin asusu ɗaya da nasa? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Hadisin Ibn Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna bai kamata mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Rubutun bai saɓa wa shari'a ba. Yana share mata hanya ne.

Inda lauya ke da rana shi ne sanin iyaka, domin ba a ko'ina ake barin mutum ya yi yadda ya ga dama da abin da zai bari ba. A Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kuma ba a yin ta ga magaji sai sauran magada sun yarda. A Faransa, tun dokar farar hula ta 1804, akwai kason da aka killace wa 'ya'ya: rabin dukiya idan ɗa ɗaya ne, kashi biyu cikin uku idan biyu ne, kashi uku cikin huɗu idan sun kai uku ko sun wuce. A Ingila mutum yana da 'yanci mai faɗi, duk da haka dokar 1975 ta ba iyalin da aka bari ba tanadi damar neman haƙƙinsu a kotu. Wanda ya rubuta wasiyya bai san dokar da ke kansa ba, yana iya barin takardar da za ta zama ita ce abin faɗan.

Ko yadda ake sa hannu ma yana da tarko. Dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda ƙasashe da dama suka gada daga mulkin Turawan Ingila, ta ce sai an rubuta, mai wasiyya ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suka hallara lokaci guda. Idan ɗaya daga cikin shaidun, ko mijinta ko matarsa, yana cikin waɗanda aka bar wa wani abu, kasonsa ya faɗi. A Ingila yin aure bayan rubuta wasiyya yakan soke ta gaba ɗaya. Waɗannan ba abubuwa ba ne da mutum zai gano da basirarsa. Mawaƙiyar nan ta Amurka, Aretha Franklin, ta rasu a 2018 aka ɗauka ba ta bar wasiyya ba. Daga baya aka tsinci takardu da rubutun hannunta, ɗaya ta 2010 a cikin kabad a kulle, ɗaya ta 2014 a cikin littafin rubutu ƙarƙashin matashin kujera. Sai a 2023 kotu ta yanke cewa ta 2014 ce za a bi, bayan 'ya'yanta sun yi shekaru suna jayayya. Ba rashin dukiya ya jawo hakan ba, kuma ba rashin niyya ba.

Sai batun tabbatar da wasiyya a kotu, wanda galibi ba a sanin da shi sai an je banki. Na taɓa raka wata 'yar uwata da mijinta ya rasu. Ta miƙa takardar shaidar mutuwa da katin cire kuɗinsa, ma'aikaciyar ta karanta, ta yi mata ta'aziyya, ta tura mata takardun ta ƙasan gilashi ta ce an rufe asusun sai ta kawo izinin kotu. Ga kuɗin makarantar yara ya zo, ga kuɗin ubansu a ajiye, babu halin taɓawa. Ban ga laifin bankin ba, domin idan ya biya wanda bai cancanta ba shi zai yi ramuwa. Abin da ya ƙona min rai shi ne babu wanda ya taɓa gaya wa mamacin cewa da ya naɗa wasiyyi a rubuce, wato wanda zai zartar da wasiyyarsa, da hanyar ta fi gajarta. Idan babu wasiyya, sai magada sun daidaita kan wanda zai nemi izinin kula da dukiyar, kuma a nan ne tsohuwar jiƙaƙƙiya ke tashi.

Amma babban ciwon yana kan ƙasa da gidaje. Mutum ya sayi fili shekara talatin da suka wuce, ya biya, ya gina, ya haifi 'ya'ya a ciki, amma takardar mallaka har yau sunan wanda ya sayar masa ke kai. Wani ya ba ɗiyarsa gida da baki, bai rubuta ba, ita kuma ba ta karɓa a hannunta ba, alhali a fiƙihu kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu tana komawa cikin gado. Wani ya jinginar da takardun gidansa, iyalinsa ba su sani ba sai ranar da mai bin bashi ya zo. Wani kuma yana da gida a wata ƙasa, bai san cewa sau da yawa dokar inda gidan yake ita ake bi wajen gadonsa ba. Duk waɗannan lauya yana iya gyara su cikin sauƙi muddin mai abin yana nan zai sa hannu. Da zarar ya kwanta dama, kowace takarda sai ta nemi shaida, shaidun kuma wasu sun riga shi tafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: masu takardun bogi gidan da magada ke rigima suke nema, domin sun san babu mai tsayawa da murya ɗaya.

Su ma lauyoyin ina da magana da su. Mutane suna tsoron ofisoshinsu saboda ba su san nawa za a caje su ba, kuma ana yi musu bayani da harshen da ba sa ganewa. Lauyan kirki zai faɗi kuɗin aikinsa tun zaman farko, ya karanta wa mutum wasiyyarsa da harshensa layi bayan layi, ya tambayi addininsa da aurensa da inda kadarorinsa suke kafin ya ɗora alƙalami. Idan batun rabon gado na shari'a ne, ya zauna da malamin da ya san fara'id, wato ilimin rabon gado. Sannan ya shaida wa mai wasiyya inda za a ajiye takardar, ya tabbatar wasiyyinsa ya san wurin.

Roƙona gare ku, ranku ya daɗe, ku ware shafi ko da sau ɗaya a wata, ku gayyato lauya da malamin gado su amsa tambayoyin masu karatu. Ku fara da abin da iyali za su yi a makon farko bayan rasuwa: wace takarda za a nema, wace kotu za a je, da abin da bai halatta kowa ya taɓa ba kafin izini ya fito.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum