Amsa ga ƙanina da ya ce zaren bit sabon suna ne kawai

Assalamu alaikum ƙanina. Ranar da na yi lacca ka miƙe gaban jama'a ka ce tunda zaren bit da dabarar Ryu da Takayanagi, wato hanyoyi biyu na auna sarƙewar kwantum a kimiyyar fiziks, amsa ɗaya suke bayarwa, to me ya sa ake wahalar da ɗalibai da shi, ba tsohon abu ba ne aka sake wa suna? Lokaci bai bari na amsa maka yadda ya kamata ba, kuma abin ya tsaya min a rai.

Lamba ɗaya suke bayarwa, wannan kam gaskiyarka. Tun 1997 masanin fiziks Maldacena ya kawo hasashen cewa wata irin duniya mai ƙarfin maganaɗisun nauyi ana iya karanta ta kakaf daga kan iyakarta, sai a 2006 Ryu da Takayanagi suka ce in kana son sanin yawan sarƙewar kwantum, wato alaƙar da ke ɗaure halin wani abu da na wani, tsakanin wani yanki na iyakar da sauran, ka nemo shimfiɗa mafi ƙanƙanta a ciki wadda ta rufe yankin, ka raba faɗinta da 4G (G ita ce lambar Newton ta ƙarfin nauyi), shi ke nan entirofi, wato ma'aunin sarƙewar, ya fito.

To amma ɗauki yankuna biyu, A da B, ka dinga matso su a hankali. Suna nesa, kowanne da tasa shimfiɗar, kana kai wa wani taƙi sai farat ɗaya shimfiɗar ta yi tsalle ta koma wani wuri daban ta haɗe su. In har a kanta bayanan da entirofin ke ƙirgawa suke zaune, ta yaya za su yi ƙaura haka cikin ƙiftawar ido? Wallahi wannan ya daɗe yana damuna tun ina ɗalibi.

A 2016 Michael Freedman da Matthew Headrick suka juya maganar. Ka ɗauka zare ne ke fita daga A ya ratsa ciki, ba ya tsinkewa a hanya, a kan iyaka kaɗai yake farawa ya ƙare, kuma kowanne sai an bar masa fili na 4G, ba a cusa su fiye da haka. Adadin zare mafi yawa da za ka iya fitarwa shi ne entirofin. Kamar garken shanu ne za su shige ƙofar gari, komai faɗin makiyaya ƙofar ce ke yanke nawa za su wuce tare, ashe shimfiɗar nan ƙofa ce kawai. Lissafin nan na cewa ƙofa ce ke yanke abin da zai wuce ma tsoho ne, masana lissafi Ford da Fulkerson sun tabbatar da irinsa tun 1956.

Yanzu koma kan A da B. Zaren ba ya tsalle, a hankali yake gyara kwanciya, wurin matsin ne kawai ya canza. Kuma bayanan da suka yi tarayya a kai kana ganinsu ƙiri-ƙiri, su ne zaren da za ka iya ɗauke bakinsu daga A ka maida B ba tare da jimillar ta ragu ba.

Don Allah ka zana da'ira da yankuna biyu, ka ja zaren da fensir, ka kawo min mu duba tare.