Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyar masu tara faya-fayan kilarinet na kiɗan jaz

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, dattawan ƙungiya, 'yan'uwa membobi.

Ga bayanin abin da muka gudanar a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto shi daban. Ni abin da ke wuyana shi ne labarin faya-fayai da zaman saurare.

Zan fara da asarar da muka yi, don har yanzu tana ci mini rai. Kun san faifan nan na ƙungiyar Hot Five ta Louis Armstrong, mai busa ƙaho, bugun kamfanin Parlophone na Ingila, wanda Johnny Dodds ya busa kilarinet a ciki. Ɗaya daga cikin sababbin membobinmu ya ɗauke shi aro, ya ga ya yi dauɗa, sai ya samu auduga da sifirit ya goge shi tas. Da kyakkyawar niyya ya yi. Washegari ya kawo mini shi naɗe a cikin hankici, bai iya ɗaga kai ya dube ni ba. Takardar tsakiya tana nan lafiya lau, amma baƙin faifan ya koma ruwan toka, yana danƙo a yatsa. Da muka ɗora allura, babu abin da ya fito sai shuuu. Laifin namu ne mu tsofaffi, domin ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa faifan garmaho mai juyi 78 a minti da shalak ake yin sa, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta, kuma sifirit narkar da shi yake yi. Tun daga ranar muka kafa doka: ba a bayar da aron faifan shalak, kuma ba mai wanke faifai sai a gaban mai kula da ma'ajiya.

Wannan ne ya sake tayar da tsohuwar gardamarmu a kan allura. Dattawanmu suna son garmahon nan da ake wanawa da hannu, kuma gaskiya ranar da aka ɗauke wuta shi ke fitar da mu kunya. Amma kansa nauyi gare shi, allurarsa ta ƙarfe kuma fuska ɗaya aka yi ta domin ta kaɗa, a jefar. Mu kuwa saboda wahalar samunta sai mu yi ta maimaitawa, tana kankare faifan ba mu sani ba. Bana mun sayi na'urar lantarki mai gudu uku, 33 da 45 da 78, tare da allura mai kauri ta musamman, domin layin faifan shalak ya fi na leda, wato faifan roba da ya zo daga baya, faɗi sosai. Wanda ya sa masa siririyar allurar faifan leda, ƙasan layin take sharewa, ƙara kawai zai ji. Garmaho yanzu sai ranar taron shekara, da faya-fayan da muke da biyunsu.

Zaman saurare na wata-wata ya gudana, ban da watan azumi. Wanda ya fi armashi a wurina shi ne na Dodds. Mun saurari ɗaukar da ƙungiyar King Oliver ta yi wa kamfanin Gennett a garin Richmond na jihar Indiana a 1923, lokacin ba a fara ɗauka da makirfo ba, sai dai makaɗa su taru gaban wani babban mazurari su busa a ciki. Ɗakin ɗaukar ma a gefen layin dogo yake, in jirgin ƙasa ya taho dole a dakata. Duk da haka busar Dodds tana ratsowa ta tsakanin ƙahonin nan, da kauri da 'yar rawar murya kamar mai kuka. Daga nan muka sa Jimmie Noone na 1928 tare da Earl Hines a kan fiyano. Dodds da Noone gari ɗaya suka koyi sana'a, New Orleans, amma busar Noone santsi gare ta kamar an zuba mai. Wani dattijonmu ya ce Dodds mai algaitar fada ne, Noone kuwa mai sarewa a bakin rafi. An yi dariya, an kuma yi masa gyara cewa bakin algaita harshe biyu ne, na kilarinet ɗaya. Ni dai na ga kwatancen ya zauna.

Daren Benny Goodman ya fi kowanne cika, kamar kullum. Mun sa wasan da ya yi a zauren Carnegie Hall na New York ranar 16 ga Janairu 1938, wanda bai fito kasuwa ba sai 1950, bayan kamfanin Columbia ya ɓullo da dogon faifai na leda mai juyi 33 a 1948. Matasanmu a nan suka gane dalilin da ya sa tsofaffin kiɗe-kiɗen duk gajeru ne: faifan shalak mai inci 10 minti uku da 'yan kai yake ɗauka a kowace fuska. Ra'ayina ban ɓoye ba, muna yawaita Goodman da Artie Shaw, muna barin Sidney Bechet yana shan ƙura a kan kanta.

Mun keɓe zama guda ga waɗanda suka tako Afirka ta Yamma. Edmond Hall shi ne mai kilarinet ɗin Armstrong lokacin da suka sauka Accra a 1956, kuma ƙasar ta shiga ransa har ya koma Gana da zama a 1959, ko da yake bai daɗe ba ya tattara ya koma Amurka. A rangadin 1960 da ya biyo ta Najeriya kuwa, Barney Bigard ne ke riƙe da kilarinet, mutumin da ya yi shekaru yana busa wa Duke Ellington.

Saye bai yi yawa ba bana. Kuɗin aiko da kaya daga waje ya fi ƙarfinmu, shalak kuma kamar ƙwai yake a hanya. Abin da muka samu yawanci daga 'yan gwanjo ne da gidajen da ake rabon gado, sai a tona tulin faya-fayai kafin a dace da na jaz guda.

Ma'ajiya ita ce inda muka gaza. Ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, gara ta cinye rigunan faya-fayan da ke kantar ƙasa, zafin bazara kuma ya lanƙwasa na leda da aka jingina a karkace kusa da taga. Mun ɗaga kantocin daga ƙasa, mun jera komai a tsaye. Rajistar da muka yi alkawari bara, wadda za a rubuta sunan kamfani da lambar da aka zana a jikin kowane faifai kusa da takardar tsakiya, ko rabi ba ta kai ba. Kwafewa a kwamfuta ma an fara an tsaya. Ni ma ina cikin masu laifin.

Kwamiti ya ba da shawarar a dakatar da saye na wata shida mai zuwa, a zuba kuɗin a kan sababbin riguna na takarda da kabad mai murfi. Za a kaɗa ƙuri'a a kai bayan rahoton ma'aji. Masu son shiga aikin rajista su ba ni sunayensu kafin a tashi, kuma duk wanda ke riƙe da faifan ƙungiya a gida ya dawo da shi a zaman wata mai zuwa.

Sakataren ƙungiya